ALLURA BA ƊAYA BA CE: TA ƘARƘASHIN FATA, TA CIKIN TSOKA, DA LITTAFIN DA YA KAMATA A AJIYE A GIDA

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon ma'aikacin jinya, ya gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Gawuna, kwana biyu bayan Babbar Sallah.

 

Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan lafiya, na san ana sa ran in ɗauko babban abu, kamar ginin asibiti ko sayen motar ɗaukar marasa lafiya. Sai na zaɓi ɗan ƙaramin abu wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, wato allura. Na shafe shekara 35 ina riƙe da sirinji kafin in ajiye aiki, kuma a cikin waɗannan shekaru na ga allura ta ceci rayukan da ba zan iya ƙirgawa ba, na kuma ga ta nakasa yara, ta kwantar da dattawa, ba don maganin da ke cikinta ba shi da kyau ba, sai don an soka ta a inda bai dace ba, ko an maimaita ta saboda babu wanda ya tuna an riga an yi.

Da ku nake, 'yan uwana mazauna birane, domin ku ne masu aiko da kuɗin magani, wani lokaci ma da maganin kansa. Na san yadda hirar take a waya. "An yi wa Hajiya allurar?" "An yi." "To, alhamdu lillahi, a gaishe ta." Shi ke nan, hankali ya kwanta. Ba a tambayi wace allura ba ce, a wane wuri aka yi ta, wa ya yi, ko yaushe za a sake. Abin da nake so ku koma da shi shi ne waɗannan tambayoyi, da kuma dalilin da ya sa suke da nauyi.

Fata, kitse, nama

Shekaranjiya kowa ya tsaya a kan ragonsa ana fiɗa. Wanda ya lura ya ga abu uku a jere: fata a sama, farin kitse a ƙarƙashinta, sannan jan nama. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Fatarmu kaurinta bai wuce kamar milimita 2 ba a yawancin wuraren da ake yin allura. Ƙarƙashinta akwai shimfiɗar kitse, wadda kaurinta ya danganta da mutum da kuma sashen jiki. Ƙarƙashin kitsen kuma sai tsoka, wato jan naman nan.

Me ya sa naman ya yi ja, kitsen ya yi fari? Saboda tsoka cike take da hanyoyin jini, kitse kuwa nasa kaɗan ne. A nan dukan bambancin yake. Maganin da aka zuba a cikin tsoka jini yakan kwashe shi da hanzari, kamar ruwan da aka zuba a kwata mai gudu. Wanda aka ajiye a cikin kitse kuwa a hankali yake tsatsafowa cikin jini, kamar yadda randa take naso. Saboda haka idan likita yana son magani ya yi aiki sannu a hankali kuma bai ɗaya, sai ya ce a yi shi ƙarƙashin fata. Idan kuma maganin yana da yawa, ko yana da kauri, ko yana da zafin da zai ƙona kitse, ko ana son ya shiga jini da wuri, sai ya ce a kai shi cikin tsoka.

Kayan aikin ma sun bambanta. Allurar ƙarƙashin fata gajera ce kuma siririya, daga milimita 4 zuwa kamar 16, akan ɗan tattaro fatar da yatsu biyu a soka, kuma abin da ake zubawa ba ya wuce kamar mililita 1 ko ɗan fiye. Ta cikin tsoka doguwa ce, ga babban mutum milimita 25 zuwa 38, a tsaye cak ake soka ta, kuma babbar tsoka tana iya ɗaukar mililita 3 ko 4. Akwai wasu iri biyu da ba su ne batunmu ba amma ya kamata a san da su: ta cikin fatar kanta, kamar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariri a damtse har ta bar lamba, da kuma ta jijiya, wadda ke shiga jini kai tsaye. Mutanenmu duk suna kiran su da suna ɗaya, allura, kuma daga nan matsalar take farawa.

Insulin da gwaggona

Bari in daɗe a kan ciwon suga, domin da wuya a sami gida a cikinmu da ba shi da dattijo ko dattijuwa mai fama da shi. Insulin, wanda aka fara yi wa ɗan Adam a birnin Toronto na ƙasar Kanada a watan Janairun 1922, magani ne na ƙarƙashin fata. An tsara shi ne ya zauna cikin kitse ya riƙa fita daidai da yadda abinci ke shiga jini. Idan ya faɗa cikin tsoka sai ya fita da gaggawa, musamman idan mutum ya tashi ya yi tafiya ko aiki da wannan gaɓar, sai suga ya faɗi warwas.

Ina da gwaggo a nan cikin unguwa, Allah ya ji ƙanta, siririyar mace ce ba ta da jiki. Da idonta ya fara rauni sai ta daina yi wa kanta allura, aka samo wani yaro maƙwabci wanda ya taɓa zama a shagon magani. Shi a saninsa allura mai kyau ita ce wadda ta nutse, sai ya riƙa kama cinyarta yana soka doguwar allura har gindi. Sau uku ana samun ta da hantsi tana gumi, jiki na rawa, tana maganar da ba a fahimta. Wasu a gidan suka ce iska ce, aka shiga turare da tofi. Da na zo na tsaya na ga yadda yake yi, nan take na gane. Muka sauya zuwa gajeriyar allura, aka koya masa tattaro fata, abin bai sake faruwa ba. Yaron nan ba mugu ba ne, taimako yake yi tsakani da Allah. Babu dai wanda ya taɓa gaya masa cewa allura iri-iri ce.

Don haka ku riƙe alamomin faɗuwar suga: gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa ta farat ɗaya, bugun zuciya, ruɗewa ko faɗa ba dalili. Idan mutum yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a dama masa sukari kamar ƙaramin cokali uku a ruwa ya sha, sannan a ba shi abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Akwai wani tarko kuma da ya shafe ku kai tsaye, ku masu sayo magani a can ku aiko gida. Insulin na kwalba ƙarfinsa iri biyu ne da aka sani a kasuwanninmu: mai awo 40 a kowace mililita, da mai awo 100. Kowanne da sirinjinsa, kuma lambar tana rubuce a jikin kwalba da jikin sirinji. A ce Baba ya saba da mai awo 40, likita ya ce ya riƙa jan 20. Ɗansa ya aiko masa da mai awo 100 daga Legas, shi kuwa tsohon sirinjinsa ne a hannu. Zai ja har layin 20 kamar kullum, amma abin da ya shiga jikinsa awo 50 ne, ninki biyu da rabi ke nan. Wannan kuskure yana kisa. Duk wanda zai aiko da insulin, ya sa a ɗauki hoton tsohuwar kwalba da sirinjin a turo masa tukuna, kuma ya aiko da kwalba tare da sirinjin da ya dace da ita.

Sai batun wuri. Mai ciwon suga yana iya yin allura sau biyu a rana, fiye da sau 700 ke nan a shekara. Ɗan Adam kuwa da sabo, inda ya ga ba ya jin zafi nan zai riƙa komawa. A hankali kitsen wurin ya taru ya yi ƙullutu mai tauri kamar roba. Wurin ba ya ciwo, shi ya sa ake son sa, amma insulin ba ya fita daga cikinsa yadda ya kamata: yau ya fita kaɗan suga ya hau, gobe ya fita da yawa suga ya faɗi. Likita ya ga sakamako ba kyau ya ƙara adadi, alhali ba adadin ne da laifi ba. Maganin abin shi ne zagayawa. A raba ciki gida huɗu kewaye da cibiya, a bar tazarar yatsu uku daga cibiyar, a yi mako guda a kowane gida, kuma tsakanin sukar yau da ta gobe a bar faɗin yatsa ɗaya. Haka ma cinyoyi. Wanda ya riga ya sami ƙullutu kada ya koma sabon wuri da tsohon adadinsa sai ya ga likita, domin lafiyayyen kitse zai karɓi maganin duka, kuma sau da yawa sai an rage.

Na san za a ce da ni, ina wutar da za a ajiye insulin a firji? Tambaya ce mai kyau, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, a tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ta daskare, domin insulin da ya zama ƙanƙara ya lalace. Wadda aka fara amfani da ita kuwa yawanci tana kaiwa kamar mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna insulin yana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 har tsawon mako huɗu. Mu kuma muna da dabarar gida. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ya yaɗa domin adana kayan miya. Irin wannan tukunya, a inuwa inda iska ke kaɗawa, ta fi kan taga ko aljihun mota nesa ba kusa ba. A rubuta ranar da aka buɗe kwalbar a jikinta.

Mazaunai da jijiyar ƙafa

Yanzu mu koma ga ta cikin tsoka, wadda mutanenmu suka fi so. Mun taso da imanin cewa ƙwaya wasa ce, allura ita ce magani, kuma wadda ta fi zafi ita ta fi aiki. Na sha ganin magidanci ya fita daga ɗakin likita ransa a ɓace don an rubuta masa ƙwayoyi, ya zarce kemis ya biya a yi masa allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kimanin biliyan 16 a duniya kowace shekara, kuma ta ce da yawa daga cikinsu ba a bukatar su, maganin sha zai wadatar. Ta kuma bayar da ƙiyasin cewa a shekarar 2010 kaɗai, allurai marasa tsabta sun sa wa mutane har miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B.

Wuraren da ake yin ta uku ne: damtse, gefen cinya ta waje, da mazaunai. Na ukun nan shi ne mai haɗari. Akwai wata babbar jijiya, mafi kauri a jikin mutum, da ta taso daga ƙugu ta ratsa ta cikin mazaunai ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa. Ita ke ba ƙafa motsi da ji. Ma'aikacin da ya koyi aiki ya san zai raba ɓangaren mazaunai gida huɗu ya soka a na sama ta waje, ko ma ya koma gefen ƙugu inda ya fi aminci. Wanda bai koya ba tsakiya yake nufa, inda ya ga nama ya fi yawa, kuma a nan jijiyar take kwance. Ga ƙaramin yaro abin ya fi muni, domin tsokar wurin ba ta gina ba sai ya daɗe yana tafiya, ga shi yana wutsil-wutsil ana danne shi. Shi ya sa ƙa'ida ta ce jariri da ƙaramin yaro a cinya ake yi musu.

Idan allura ta taɓa jijiyar nan, yaro yakan ƙwalla ƙara ta daban, babba kuma zai ce ya ji kamar wutar lantarki ta sauka har yatsun ƙafa. Bayan haka sai a ga ƙafar ta saki, yana jan ta, ba ya iya ɗaga tafinta sama. Da yawa daga cikin waɗanda muke cewa "allura ta shanye musu ƙafa" wannan ne ya same su, kuma a zamanin da ake yawan yi wa yara allurar kulorokwin da kwinin saboda zazzaɓi mun ga irinsu ba adadi. Wasu suna warkewa da gashi da motsa gaɓa idan an kai su da wuri, wasu kuwa sun tafi da abin ke nan har girma. Na san wani da yanzu magidanci ne, da 'ya'yansa, har yau yana ɗingishi saboda zazzaɓin kwana biyu da ƙwaya za ta iya warkarwa.

A nan akwai abin da ya kamata a rarrabe. Kano ta ga mai ɗauke da ƙwayar shan-inna ta daji na ƙarshe a ƙaramar hukumar Sumaila a watan Yulin 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Duk da haka, duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, wajibi ne a kai shi asibiti a sanar, ko da iyaye sun tabbata allura ce ta jawo. Ma'aikata ne za su tantance. Kuma abu na farko da za su tambaya shi ne: an yi masa allura kwanan nan? Wace iri? A wace ƙafa? Yawancin iyaye a nan suke yin shiru suna kallon juna.

Ba na zargin masu kemis a dunƙule. Da yawansu 'ya'yanmu ne, kuma su ne a buɗe da tsakar dare lokacin da yaro ke zafi. Amma lasisin mai shagon magani na yau da kullum bai ba shi izinin yin allura ba, sai wanda ya sami horo na musamman a kan wani abu takamaimai. Mu kuwa a wannan ƙaramar hukuma ta Nassarawa ba mu da uzurin nisa. Ga Asibitin Nassarawa, ga na Sir Muhammadu Sanusi, ga ƙananan asibitocin unguwanni, kuma Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano duk tafiyar A-daidaita-sahu ce. Zazzaɓin cizon sauro ma, tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma ƙwayoyin haɗi na kwana uku. Allura ta mai tsanani ce, wanda ke suma ko jijjiga ko amai ba tsayawa, kuma irin wannan gadon asibiti yake bukata.

Wasu mutane kuma allurar tsoka ba tasu ba ce sam sai da izinin likitan da ya san su. Mai shan maganin tsinka jini, kamar waɗanda aka yi wa aikin zuciya ko suka taɓa samun gudan jini a ƙafa, idan aka soke shi a tsoka jini na iya taruwa a ciki ya yi kumburi mai haɗari. Sai kuma 'ya'yanmu masu ciwon sikila. Akwai wata allurar kashe raɗaɗi mai suna pentazocine da wasunsu suka saba da ita har suka koma yi wa kansu a gida. Na ga cinyoyin samari sun zama kamar itace, tsokar ta ƙandare, ga gyambon da ba ya warkewa. Wannan magana ce mai zaman kanta, amma duk mai irin wannan yaro a gida ya duba cinyarsa da damtsensa.

Magani ɗaya, hanya biyu

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, zan taɓo allurar tazarar haihuwa, domin babu misalin da ya fi ta fito da abin da nake faɗa. Depo-Provera a tsoka ake yin ta, miligiram 150, duk wata uku. Sayana Press maganinsu ɗaya, amma an tsara ta domin ƙarƙashin fata, miligiram 104, da 'yar gajeriyar allura a jikinta, har mace tana iya yi wa kanta a ciki ko cinya bayan an koya mata. Ita ma wata uku ce. Akwai kuma Noristerat, ta tsoka, wadda wata biyu ce. To, macen da aka yi wa ta wata biyu a Kano, ta koma Abuja tana zaton ta wata uku ce, kun ga inda lissafi zai kwana. Idan an tambaye ta a can sai ta ce, "Allura dai aka yi mini."

Rigakafin yara ma haka. Ta haɗin cututtuka biyar, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, a tsokar cinya ake yin ta, kuma a cikinta akwai rigakafin mashaƙo. Kowa ya ga abin da mashaƙo ya yi a Kano tun daga ƙarshen 2022, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala wannan rigakafi ba. Ta ƙyanda da ta shawara kuwa, a wata na 9, ƙarƙashin fatar damtse ake yin su, sannan a maimaita ta ƙyanda a wata na 15. Wanda kare ya ciza kuma, rigakafin haukan kare a damtse ake yi, ko a cinya ga ƙaramin yaro, ba a yin ta a mazaunai, domin kitsen wurin yana rage mata ƙarfi, kuma tana da ranaku ƙayyadaddu da ba a tsallakewa.

Littafin gida

Duk abin da na faɗa yana komawa ga abu guda, wato rubutu. A asibiti muna da ƙa'ida: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Amma fayil ɗin asibiti a asibiti yake kwana, marar lafiyarmu kuwa yawo yake. Yau yana Gawuna, wata mai zuwa ya tafi Kaduna wajen 'yarsa ta haihu, daga can a wuce da shi Legas ganin likita. Kowane wuri sabon kati, sabon ma'aikaci, kuma babu mai labarin abin da na baya ya yi. Ko a cikin gida ɗaya ma, na ga an yi wa tsoho insulin sau biyu da safe, 'yarsa ta yi kafin ta tafi makaranta, matarsa ta zo ta sake, kowacce tana zaton ɗayar ba ta yi ba.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Littafin rubutu irin na 'yan firamare, ɗaya ga kowane mai jinya, a ɗaure masa biro da zare. A shafin farko a rubuta sunansa, da ciwon da yake da shi, da magungunan da yake sha, da duk maganin da jikinsa ya taɓa ƙi har ya yi borin jini. A sauran shafukan a ja layuka. Duk allurar da aka yi, a sa kwanan wata da lokaci, da sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwalba, da adadinsa, sannan a rubuta ko ta fata ce ko ta tsoka, da wurin da aka yi ta, dama ko hagu, da sunan wanda ya yi. Idan wani abu ya biyo baya, kumburi ko jiri ko ƙaiƙayi, a rubuta. Idan akwai ta gaba, a sa ranarta da jan biro. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko a zana masa hoton ciki da cinyoyi ya riƙa ɗiga alama. Idan sunan maganin ya gagara, a yago takardar jikin kwalin a liƙa.

Ma'aikacin kirki ba ya jin haushi idan aka miƙo masa littafi aka ce ya rubuta abin da ya yi. Wanda ya ƙi rubutawa, ko ya ɓoye kwalbar kada a ga sunanta, to ya riga ya ba ku amsa. Kuma a tsaya a ga an yage sabon sirinji daga ledarsa a gaban ido. Bayan an gama, a jefa allurar cikin jarka mai kauri mai murfi, kada a zuba ta a bola inda yara da masu tsintar gwangwani ke tonawa. Idan ta cika a kai asibiti mafi kusa.

Ku kuma na birni, ga rabonku. Duk ranar Juma'a a ɗauki hoton shafin makon a turo muku ta WhatsApp. Minti biyu ya isa ka ga ko an tsallake rana, ko wuri ɗaya ake ta suka, ko kwalbar ta wuce mako huɗu. Idan azumi ya matso, littafin nan za a kai wa likita ya duba kafin ya ce ga yadda za a sauya adadin insulin, ko ma ya ce wannan dattijo kada ya ɗauka. Katin rigakafin yara kuma a ɗauki hotonsa a adana, domin na ga katunan da gara ta ci, da waɗanda ruwan damina ya tafi da su. Haka katin shawara mai ruwan ɗorawa na matafiya: tun watan Yulin 2016 ƙa'idar duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma wanda ya yar da katinsa ba shi da shaida a filin jirgi.

Mai girma shugaba, ina da shawara ga kwamitin lafiya. A cikin kuɗin da muke warewa duk shekara domin tallafin magani, a cire kaɗan a buga irin wannan littafi da layukansa da hoton jiki, a raba wa gidajen da ke da masu ciwon suga da masu sikila. Sannan a cikin 'ya'yan ƙungiya akwai nas-nas da unguwarzoma da masu harhaɗa magunguna, wasu suna zaune a wannan zaure. A ware Asabar ɗaya kafin baƙinmu su koma, a tara waɗanda ke yi wa iyayenmu allura a gida, a duba hannunsu, a gyara musu. Ni na ɗauki nauyin kawo sirinjin gwaji da lemon zaƙi da za a koya a kai, kuma duk wanda ya zo ya taho da kwalba da sirinjin da ake amfani da su a gidansu mu gani.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.